Cutar Gaucher: Kitsen da Ke Taruwa a Saifa da Hanta da Ɓargo

Cutar Gaucher cuta ce ta gado wadda ke sa wani nau'in kitse ya riƙa taruwa a cikin ƙwayoyin jikin mutum, galibi a saifa da hanta da ɓargon ƙashi, wani lokaci kuma illar ta kai har ƙwaƙwalwa. Sunan wani likitan Faransa aka sa mata, ana furta shi Goshe. Tana cikin dangin cututtuka sama da 50 da suka haɗa tushe ɗaya: an haifi mutum babu isasshen sinadarin da ke narkar da wani abu a jikinsa, abin ya yi ta taruwa shekara da shekaru har ya fara ɓarna. Daga cikin waɗanda abin da ke taruwar kitse ne akwai cutar Niemann-Pick da ta Tay-Sachs da ta Fabry, amma ta Gaucher aka fi sani, ita aka kuma fara samar wa magani mai aiki. Duk da haka ba ta da yawa. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum ɗaya cikin 40,000 zuwa 60,000.

Kitsen da ake magana a kai daban yake da na tumbi ko na nama, kuma cin mai ko man shanu ba ya kawo shi. Sunansa gulukoserebrosaid, yana cikin kayan da aka gina fatar ƙwayoyin jiki da su. Da yawa daga masu cutar ma sirara ne, cikin kawai ya turo gaba. Don haka ƙaurace wa abinci mai maiƙo ba ya hana ta, ba ya kuma rage ta.

Ƙwayoyin jini suna da wa'adi. Jar ƙwaya takan yi kimanin kwana 120, wasu fararen kuwa 'yan kwanaki kawai. Idan sun tsufa, wasu manyan ƙwayoyi da ake kira makrofaj ne ke haɗiye su, su warware su, jiki ya sake amfani da kayan. Ana yin wannan aiki a cikin wasu 'yan jakunkuna da ke cikin ƙwayar, laisosom, waɗanda masanin Beljiyam Christian de Duve ya gano a 1955, binciken da ya kai shi ga lambar Nobel a 1974. Kowace jaka cike take da sinadaran narkarwa iri-iri, kowanne da abin da aka ɗora masa. Wanda ke raba gulukoserebrosaid gida biyu, sukari gefe sauran kitsen gefe, shi ne gulukoserebrosidas. A jikin mai cutar Gaucher wannan sinadari ya yi ƙaranci ko kuma ya fito da naƙasa. Makrofaj sai ta ci gaba da haɗiya ba ta narkarwa, ta kumbura, cibiyarta ta koma gefe guda. A ƙarƙashin madubin ɗakin gwaje-gwaje cikinta yakan yi kama da takardar da aka cukuikuye, ita ce likitoci ke kira ƙwayar Gaucher. Waɗannan ƙwayoyi ba cika wuri kaɗai suke yi ba, suna kuma fitar da sinadaran da ke tayar da kumburi da dagula ginin ƙashi. Inda makrofaj suka fi yawa nan cutar ta fi nuna kanta, wato saifa da hanta da ɓargo, kuma kusan duk alamominta daga waɗannan wurare uku suke fitowa.

A 1882 ne Philippe Gaucher ya bayyana cutar a kundinsa na kammala karatun likita a birnin Paris. Matar da ya rubuta a kanta shekarunta 32, saifarta ta yi girma ainun, shi kuwa ya ɗauka wata irin sankarar saifa ce. Sai a 1934 Henriette Aghion, wata masaniya a Faransa, ta gane ainihin kitsen da ke taruwa. A 1965 Roscoe Brady da abokan aikinsa a Cibiyoyin Binciken Lafiya na Ƙasa a Amurka suka nuna cewa ƙarancin sinadarin narkarwa ne musabbabi. Fiye da shekara 80 ke nan tsakanin ganin cutar da sanin dalilinta.

Yadda ake gadonta

Umarnin haɗa wannan sinadari yana cikin wata ƙwayar gado mai suna GBA1, a kan kuromosom na ɗaya. Kowane mutum yana da biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Wanda ya gaji mai lahani guda ɗaya lafiyarsa lau, mai ɗauke da ita ne kurum, yawanci ma bai sani ba. Sai an gaji masu lahani daga ɓangarorin biyu cutar ke bayyana. Duk wanda ya san lissafin sikila ya san wannan: idan miji da mata duka masu ɗauke da ita ne, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai cutar, biyu cikin huɗu mai ɗauke da ita, ɗaya cikin huɗu wanda bai gaji komai ba. Lissafin sabo ne a kowane ciki. Haihuwar mai cutar guda ba ta nufin uku na gaba sun tsira. Maza da mata daidai take kamawa.

An gano sauye-sauye sama da 300 a wannan ƙwayar gado, biyu daga ciki sun fi shahara. Wanda ake kira N370S ya fi yawa a tsakanin Yahudawan Ashkenazi, waɗanda asalinsu tsakiya da gabashin Turai ne. A cikinsu kusan mutum ɗaya cikin 15 yana ɗauke da ƙwayar mai lahani, cutar kuma tana kama kimanin ɗaya cikin 850. Na biyun, L444P, an fi danganta shi da nau'in da ke taɓa ƙwaƙwalwa. A yankin Norrbotten na arewacin Suwidin akwai iyalai da dama masu wannan nau'i, da aka bi salsalarsu sai aka tarar kakanninsu ɗaya ƙarnuka da suka wuce. Yawan rubutun da aka yi a kan Yahudawa ya sa likitoci da dama sun daɗe suna ganin cutar tasu ce su kaɗai, wannan kuwa kuskure ne da ya jinkirta gano ta a wasu wurare. An same ta a Masar da Indiya da Japan da Brazil, an same ta a tsakanin baƙaƙen fata na Afirka ta Kudu. Auren zumunci, wanda ya zama ruwan dare a ƙasar Hausa da Sudan da ƙasashen Larabawa, yana ƙara yiwuwar irin waɗannan cututtuka, domin 'ya'yan wa da ƙani sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu. Idan kakansu yana ɗauke da wata ƙwaya mai lahani, yana yiwuwa su biyun sun gaje ta. Mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiyayyu ne. Abin da ya canza kawai shi ne cutar da ke da wuyar samu a gari tana iya maimaita kanta a gida ɗaya.

Alamomin nau'i na ɗaya

An kasa cutar gida uku bisa ga ko ta taɓa ƙwaƙwalwa da kuma saurinta. Nau'i na ɗaya, wanda ba ya lalata ƙwaƙwalwa a ƙuruciya, shi ne fiye da tara cikin goma na masu cutar a Turai da Amurka. Ba shi da lokacin bayyana. Wani yaro tun yana shekara uku cikinsa ya fito, wani mutum kuma sai ya haura 60 a gane ta ta dalilin gwajin jinin da aka yi don wata larura daban. Akwai ma wanda zai rayu ya mutu ba a sani ba. Abin da aka lura shi ne, wadda ta fara da wuri ta fi tsanani. 'Yan uwa ciki ɗaya masu sauyi iri ɗaya sukan bambanta ƙwarai, an ma taɓa ba da rahoton tagwaye masu kama ɗaya, ɗaya tana fama ɗayar ba ta da wata alama.

Kumburin saifa shi ne alamar da ta fi kowace yawa, ana samunsa a fiye da tara cikin goma. Saifar lafiyayyen babban mutum ba ta wuce giram 150 zuwa 200, tana ɓoye a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, hannu ba ya jin ta. A cutar Gaucher ninki 15 abu ne da aka saba gani, akwai kuma wadda ke haura ninki 50, ta sauko har mara, ta tsallaka cibiya zuwa dama. Yawanci ba ta ciwo, shi ya sa iyalai kan daɗe ba su kai yaro asibiti ba. Abin da mutum ke ji shi ne nauyi a gefen hagu da saurin ƙoshi, domin saifar ta danne tumbi, loma kaɗan ya ce ya ƙoshi. Idan jini ya yanke wa wani sashe nata, sai a ji ciwo mai tsanani farat ɗaya, wani lokaci har kafaɗar hagu. Hanta ma takan yi girma amma ba kamar saifa ba, kuma galibi tana ci gaba da aikinta. Shawara ba ta cikin alamomin da aka saba gani. Tsakuwar matsarmama kuwa ta fi yawa a masu cutar fiye da sauran jama'a.

Jini yana shan wahala ta fuska biyu. Ɓargo, inda ake haɗa jini, ya cika da ƙwayoyin Gaucher, saifar da ta kumbura kuma tana tare ƙwayoyin jini tana hallaka su kafin wa'adinsu. Waɗanda suka fi saurin raguwa su ne ƙwayoyin daskarar da jini, waɗanda a lafiyayye sukan kai 150,000 zuwa 450,000 a kowace maikurolita. Idan sun yi ƙasa, sai a ga haɓo a kai a kai, dasashi yana jini wurin asuwaki, fata tana tara jini da ɗan bugu kaɗan. A baƙar fata wannan tabo ba ya fitowa sosai, don haka haɓo da jinin dasashi sun fi zama abin lura. 'Yan mata sukan yi fama da yawan jinin haila, masu haihuwa kuma da zubar jini bayan sauka. Wasu ba a farga ba sai ranar da aka cire musu haƙori ko aka yi musu tiyata jini ya ƙi tsayawa. Ƙarancin jajayen ƙwayoyi shi ke kawo kasala da haki da ɗashewar tafin hannu da cikin ido. Gajiyar masu wannan cuta ta wuce abin da ƙarancin jini kaɗai zai bayyana, da yawa suna kuka da ita ko bayan jininsu ya dawo daidai.

Ƙashi ne inda cutar ta fi naƙasa mutum, nan ne kuma aka fi yin sakaci, saboda ɓarnar tana iya nisa ba tare da ciwo ba. Akwai ciwon yau da kullum mai nuƙurƙusa a cinya da gwiwa da ƙugu da gadon baya. Akwai kuma tashin ciwo na farat ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa: ƙashi ɗaya, sau da yawa na cinya ko na ƙwauri, ya ɗauki azaba, wurin ya kumbura ya yi zafi, zazzaɓi ya rufe yaro, ya kasa taka ƙafa na kwanaki ko makonni. Abin da ke faruwa shi ne jini ya yanke wa wani yanki na ƙashin. Yana kama da ƙashin da ƙwayar cuta ta shiga, har akan yi kuskuren tsaga wurin don fitar da mugunya, ba a sami komai ba, ƙarshe ma a shigar da cutar da babu ita da farko. Idan yankewar jinin ta auka wa kan ƙashin cinya, inda ya shiga ƙugu, sai wurin ya mutu ya rufta, mutum ya fara ɗingishi, ƙafa ɗaya ta gajarta. Wannan ɓarna ba ta komawa, maganinta sauya ƙugu da na ƙarfe. Ƙasusuwa sukan kuma yi rauni gaba ɗaya, su karye da ɗan faɗuwa, ƙashin baya ya lotsa tsawon mutum ya ragu. A hoton ƙashi akan ga ƙarshen ƙashin cinya, daidai saman gwiwa, ya buɗe ya yi faɗi fiye da ƙima. Wannan siffa ba ta ciwo, amma likitan da ya san ta yakan tsaya ya sake tunani.

Yara masu cutar sukan kasance ƙanana a cikin sa'o'insu, balaga kuma ta yi jinkiri, ko da yake da yawa sukan kamo tsawo daga baya. Wasu manya fatarsu takan ɗan sauya launi, ko a ga ɗan tudu rawaya a farin ido. Huhu ba kasafai yake shiga ba, idan ya shiga kuwa da haki yake zuwa, musamman ga waɗanda aka cire wa saifa. A shekarun girma haɗarin wata sankarar ɓargo mai suna mayeloma yana ƙaruwa, dalilin da ya sa ake bibiyar jininsu lokaci-lokaci.

Wata alaƙa da ba a zata ba ta fito tsakanin wannan ƙwayar gado da cutar Parkinson, mai sa karkarwar hannu da sanƙarewar jiki da nawar motsi. Likitoci sun fara lura cewa cutar ta yi yawa a masu Gaucher da danginsu. A 2009 wani babban bincike na ƙasashe da dama, ƙarƙashin jagorancin Ellen Sidransky, ya nuna cewa masu Parkinson sun ninka sauran mutane kusan sau biyar wajen ɗaukar sauyi a wannan ƙwaya. A 2023 kuma wani binciken, wanda mafi yawan majinyatan cikinsa 'yan Nijeriya ne, ya gano wani sauyi na daban a GBA1 da ke ƙara haɗarin Parkinson a mutanen da asalinsu Afirka ne. Sauyin ba ya cikin waɗanda aka sani suna haddasa cutar Gaucher. Ƙarin haɗari dai ba hukunci ba ne, kusan tara cikin goma na masu Gaucher ba sa kamuwa da Parkinson har tsufansu.

Nau'o'in da ke taɓa ƙwaƙwalwa

Nau'i na biyu na jarirai ne, shi ya fi ƙaranci, shi ya fi muni. Jariri yakan zo kamar lafiyayye, kafin wata shida alamomi su fara: idanu su karkace, wuya ya sanƙare ya lanƙwashe baya, muƙamuƙi ya ƙi buɗuwa sosai, haɗiya ta gagara, nono ya riƙa sarƙe shi, numfashi ya riƙa ƙara. Saifa da hanta su kumbura, jiki ya ƙi ƙaruwa. Mafi yawa ba sa kai shekara biyu, sau da yawa ciwon huhu ne ajalinsu. Akwai wanda ya fi wannan tsanani, inda ake haihuwar jariri a kumbure da ruwa ko da fata busasshiya mai sheƙi a ɗame, ba ya kuma daɗewa.

Nau'i na uku yana tsakani. Yana da alamomin saifa da jini da ƙashi irin na nau'i na ɗaya, galibi ma da wuri kuma da ƙarfi, sannan ƙwaƙwalwa ta shiga a hankali. Alamar farko, wani lokaci ita kaɗai ce na shekaru, tana cikin motsin ido. Yaro ba ya iya wurga idonsa gefe da sauri, sai ya ƙifta ko ya fizgi kansa gaba ɗaya kafin ya dubi abin da ke gefensa. Iyaye sukan ɗauka ɗabi'a ce. Wasu daga baya sukan sami farfaɗiya ko fizgar gaɓoɓi, tangaɗi wurin tafiya, nauyin karatu, ko ƙusumbi. Wasu kuma ba sa wuce matsalar idon, su yi karatu su yi aure. Wannan nau'i ya fi yawa a Masar da Indiya da Sin da Koriya da Japan fiye da yammacin Turai. Akwai wani reshe nasa, mai alaƙa da sauyin D409H, da ke sa ƙofofin zuciya su ƙandare tun a samartaka.

Abin da ke ɓoye ta

Babu ɗaya daga alamomin nau'i na ɗaya da ya keɓanta da cutar, shi ya sa ko a ƙasashe masu wadatar asibitoci akan yi shekaru ana yawo tsakanin likitoci, sau da yawa da fargabar sankarar jini. A ƙasashen zazzaɓin cizon sauro kuwa lamarin ya fi haka wuya. Yaro mai babbar saifa da ƙarancin jini abu ne da ma'aikacin lafiya a Kano ko Damagaram ke gani kullum, kuma kusan kullum zazzaɓin ne dalili. Akwai ma wani kumburin saifa mai daɗewa da ke biyo bayan yawan kamuwa da zazzaɓin, wanda likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi bincike mai yawa a kansa a shekarun 1970. Tsargiyar hanji, wadda ake ɗauka a ruwan tafki da na noman rani, ita ma tana kumbura saifa. A gabashin Sudan, wajejen Gadarif, cutar kala-azar na yin haka tare da zazzaɓi da rama. Ciwon ƙashi da mutuwar kan ƙashin cinya kuwa, sikila ce ke fara zuwa zuciyar kowa, da hujja, tunda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya yana ɗauke da ƙwayarta.

Daidai ne likita ya fara da abin da ya fi yawa. Inda ake kuskure shi ne tsayawa a nan bayan amsa ta ƙi fitowa. Kumburin saifa na zazzaɓi yakan ja baya idan an ɗauki watanni ana shan maganin kariya, na Gaucher ba ya motsi. Mai sikila gwaji yana nuna SS ko SC, saifarsa kuma sau da yawa ƙanƙancewa take yi yayin da yake girma, ga shawara da ke yawan zuwa masa. Yaron da gwajinsa ya nuna AA ko AS, amma yana da ciwon ƙashi irin na sikila, da babbar saifa, da haɓo, ga wani ɗan uwansa mai irin wannan ciki, ya cancanci a nemi wani dalili. Haɗuwar alamomin da dagewarsu ne ke tona cutar.

Wasu al'adu suna da haɗari na musamman ga irin wannan yaro. Tsagar da wanzamai ke yi a kan ciki don maganin saifa ba ta rage kumburin, ga wanda ƙwayoyin daskarar da jininsa suka yi ƙasa kuma tana iya jawo zubar jini mai wuyar tsayawa. Haka ƙaho da cire beli da kaciyar da aka yi ba tare da duba jini ba. Babbar saifa kuma tana iya fashewa da duka ko faɗuwa, don haka dambe da kokawa ba nasa ba ne.

Ganowa da magani

Gwajin da ke tabbatar da cutar shi ne auna ƙarfin sinadarin gulukoserebrosidas a fararen ƙwayoyin jini. A masu cutar yakan kasance ƙasa da kashi 15 cikin ɗari na yadda ya kamata. Ana iya fara tantancewa da 'yan ɗigon jini da aka busar a kan wata takarda ta musamman, a aika ɗakin gwaji ko da a wata ƙasa yake, abin da ya sauƙaƙa lamarin ga wuraren da ba su da kayan aiki. Daga nan sai gwajin ƙwayar gado ya nuna irin sauyin. Ganin ƙwayoyin Gaucher a ɓargo bai wadatar ba, domin ana samun masu kama da su a wasu cututtukan jini, kuma wani nau'in Niemann-Pick yana zuwa da kusan alamomi iri ɗaya. Hoton maganaɗisu shi ya fi nuna halin da ɓargo da ƙashi ke ciki. Akwai kuma sinadarai a jini da ake aunawa don bin sawun cutar da ganin ko magani na aiki.

Kafin 1991 abin da aka fi yi shi ne ƙarin jini da maganin ciwo da cire saifa. Cire saifa yana gyara jini nan take, amma kitsen da take tarawa sai ya koma hanta da ɓargo, ciwon ƙashi ya ƙaru, ga haɗarin kamuwa da cututtuka masu tsanani, har da zazzaɓin cizon sauro. Yanzu ba a yin sa sai dole. A 1991 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Ceredase na kamfanin Genzyme, sinadarin narkarwa da aka tato daga mabiyiyar haihuwa, aka gyara shi yadda makrofaj za su haɗiye shi. Majinyaci ɗaya yana buƙatar dubban mabiyiya a shekara. A 1994 Cerezyme ya maye gurbinsa, wanda ake haɗawa a masana'anta. A 2009 wata ƙwayar cuta ta gurɓata masana'antar kamfanin da ke jihar Massachusetts, magani ya yi ƙaranci a duniya, abin da ya hanzarta fitowar wasu biyu: VPRIV a 2010, da Elelyso a 2012, wanda ake haɗawa a cikin ƙwayoyin karas. Dukkansu ta jijiya ake ba da su kamar ƙarin ruwa, yawanci duk mako biyu, har iyakar rayuwa. Akwai kuma na haɗiya masu rage yawan kitsen da jiki ke haɗawa tun farko: Zavesca, wanda kan sa gudawa da karkarwa, da Cerdelga da aka amince da shi a 2014 don manya masu nau'i na ɗaya, bayan an gwada yadda hantarsu ke sarrafa shi.

Alamomin ba sa ja da baya tare. Jini yakan gyaru cikin watanni shida zuwa shekara, saifa ta ragu da kusan rabi cikin 'yan shekaru ko da ba ta koma yadda take ba, yara su kama girma, tashin ciwon ƙashi ya yi sauƙi. Ƙarfin ƙashi yana ɗaukar shekaru kafin ya dawo, wanda ya riga ya mutu kuwa ya mutu. Sinadarin ba ya ƙetare shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, don haka a nau'i na uku yana gyara saifa da hanta da jini amma ba ya taɓa matsalar ƙwaƙwalwa, a nau'i na biyu kuma ba ya sauya makomar jariri, abin da ake yi shi ne sauƙaƙa masa ci da numfashi. Babbar matsala ita ce tsada. A Amurka kuɗin maganin babban mutum yakan haura dala 200,000 a shekara, yawancin majinyatan ƙasashe matalauta da ke samunsa ta hanyar shirin agajin kamfanonin ne.

Idan an tabbatar da cutar a mutum ɗaya, ana gwada 'yan uwansa na ciki ɗaya ko da ba su da wata alama, domin a fara magani kafin ƙashi ya lalace. Gwajin jinin da ake yi kafin aure, mai nuna AA ko AS ko SS, ba ya gano masu ɗauke da ƙwayar Gaucher, auna sinadarin ma ba ya bambance su sosai. Gwajin ƙwayar gado ne ke nuna su, kuma ya fi sauƙi idan an riga an san irin sauyin da ke cikin dangin.